Hanyar Keke Ta Yi Kyau, Sai Dai Ta Ƙare a Cikin Rafi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Ƙaramar Hukuma mai kula da hanyoyin ƙauyukan da ke arewa da Ankara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, sunana Isaka Mai Ƙwai, ina zaune a unguwar Nima, cikin birnin Ankara. Sana'ata ita ce in hau keke da sassafe in shiga ƙauyuka, in saro ƙwai da zabbi in kawo Kasuwar Malam Atta. Ina rubuta wannan takarda hannuna na hagu a rataye a wuya, amma wallahi bakina ya ƙi rufuwa don dariya. Matata Hawa ta ce tunda take ba ta taɓa ganin karyayye mai murna irina ba. Ka yi haƙuri ka ji dalili.

Na ɗaya, godiya. Dokar da kuka kafa cewa kowane keke mai shiga ƙauye ya sa ƙararrawa, a kuma shafa farin fenti a marfin tayar baya, mun karɓe ta hannu biyu. Makon farko duk zango ya rikice da ƙirin-ƙirin, har awaki suka daina tsayawa a tsakiyar lungu. Baba Musa mai burodi, wani dattijo ɗan ƙabilar Moshi da muke fita tare, shi biyu ya ɗaura, wai ɗaya ta mutane, ɗaya ta dabbobi. Ni kuwa da fenti ya rage mini, sai na bi keken gaba ɗaya na shafe.

Na biyu, godiyar da ta fi wannan. Shekara da shekaru lorin gawayi da na katako suna kora mu cikin daji kamar kaji. A gaban idona bara wani lori ya bugi maƙwabcina Seidu, yau da sanda yake tafiya, ya bar fatauci. To, sai ga ma'aikatanku sun share mana hanyar kanmu a gefen titi, sun zuba jar ƙasa sun daɓe ta sumul. Ranka ya daɗe, ran da na fara hawanta sai da na saki hannu biyu, ni da furfura a gemu! Na ce yanzu na yarda ƙasar nan ta samu 'yancin kai, tunda an tuna da mai keke.

Na uku, abin da ya same ni. Ranar Talata ta makon jiya, da hantsi, na biyo wani sabon yanki na hanyar da ban taɓa bi ba. Kwandon ƙwai a baya, kejin zabbi a gaba. Bayan babbar bishiyar mangwaron nan akwai gangara. Keke na gudu, iska na kaɗa riga, ina ta rera waƙa. Ashe a ƙasan gangarar akwai rafi. Titin mota ya haye ta kan kwalbati abinsa, tamu hanyar kuwa ta zo bakin ruwa ta tsaya cak, ciyawa ta rufe wurin. Babu gada, babu ko katako ɗaya. Na kama birki, ina! Na buga ƙararrawa kamar yadda doka ta ce, amma rafi bai kauce ba.

Sai ji na yi tsundum. Ƙwai ya wanke ni tun daga hula har takalmi. Keji ya buɗe, zabbi suka tashi fir, ko waiwaye ba su yi ba. Wata manomiya 'yar ƙabilar Ga, ana ce mata Anti Dede, ita ta yar da rogonta ta rugo, ta miƙo mini ƙotar fartanya ta jawo ni. Tana yi mini faɗa da harshensu, ina yi mata godiya da Hausa, sai ta dubi gwaiduwa tana bin gemuna, ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa. Ni ma na kama. Tun daga nan dariyar ba ta sake ni ba, ko a gaban mai ɗori a unguwar Mamobi. Na duba na ga ina numfashi, wuyana bai karye ba, me zai hana ni murna?

Na huɗu, a nan zan daure in gimtse fuska. Ni na faɗa ne ruwa yana iya gwiwa. Damina ta ƙarato, rafin nan kuma yana shanye mutum. Baba Musa idonsa ya yi rauni, kuma ya fi ni son gudu. Na je ofishinku, akawu ya karɓe ni da mutunci, ya ce ai an kafa allon gargaɗi. Gaskiyarsa, akwai allo. Amma da Turanci aka rubuta, kuma a ƙetaren rafin aka kafa shi. Ni sai da na fito daga ruwa na gan shi.

Saboda haka ina roƙo. A shimfiɗa mana gadar katako, ko mai faɗin tabarma ce ta ishe mu. A dawo da allon saman gangara, a zana hoton ruwa a jiki don mu da ba mu yi boko da yawa ba. A kuma sa wani ya bi hanyar nan a kan keke daga farko har ƙarshe, domin daga cikin mota ba a ganin abin da muke gani.

A yanzu abin da ke tsare rayukanmu a wurin, jan ɗankwalin Anti Dede ne, da ta kwance daga kanta ta ɗaura a sanda a bakin rafin. Jiya ta aiko mini cewa shi take ɗaurawa zuwa coci, kuma tana son abinta. Don Allah, ranka ya daɗe, ku kawo katako baiwar Allah ta samu ɗankwalinta.

Allah ya ja zamaninka, ya kare ka a kan kowace hanya, ya sa ka gama aiki lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Isaka Mai Ƙwai, Nima.