Sun Ce In Rubuta Matsakaici In Yi Shiru

Wani mai karanta wannan shafi ne ya aiko mana, ya roƙi a ɓoye sunansa.

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ku ba ni shawara, amma tun yanzu in faɗa, wanda zai ce in sa hannu kawai in huta, ya riƙe abarsa.

Ni malamin gona ne, shekara uku ke nan ina yawo a kan keke tsakanin Kiru, Bebeji da Tudun Wada. Bara aka ba ni sabon takin nan na Bature, aka ce in raba wa manoman gyaɗa, da kaka in auna abin da kowa ya samu in gwada da na waɗanda ba su sa ba. Ni na ɗauki sikeli gona-gona, babu wanda ya auna mini. Da na haɗa awon na raba da yawan gonakin, yadda aka koya mana, matsakaicin masu taki ya fi na marasa taki, wannan ba musu. Shugabana har ya ce zai ambace ni gaban Baturen gona.

To amma ni na ga gonakin da idona. Marasa taki amfaninsu kusa-kusa yake, wannan ya ɗan fi wancan, shi ke nan. Masu taki kuwa tazarar da ke tsakaninsu ta tayar mini da hankali, wasu sun rasa inda za su jibge buhuna, wasu ko irin da suka shuka da ƙyar suka mayar. Matsakaicin da ake murna da shi, ko gona ɗaya ba ta ba da shi ba, na saman ne suka ja shi.

Sai na bi na saman ɗaya bayan ɗaya, ashe kusan dukansu gonakin da Fulani ke sauka ne da rani. Kun san yadda ake yi, mai hali ya ba Bafillace dawa, shanu su yi wata biyu suna kwana a gonarsa. Da takin ya zo, masu halin nan dagaci ya fara kira. Wato ƙasar da ta ƙoshi da kashin shanu muka ƙara wa taki, yanzu za mu ce shi kaɗai ya yi aikin. Talakawan da ni na lallaɓa suka karɓa, gonakinsu a jigawa suke, da ruwa ya ɗauke bayan shuka gyaɗarsu ta ƙone. Ni ban ce takin banza ba ne. Na ce abu biyu sun zo tare, ba mu san wanne ya kawo amfanin ba, a sake gwadawa a gonaki iri ɗaya.

Haka na rubuta. Shugabana ya dawo mini da rahoton ya soke rabi, ya ce matsakaici kawai ake so, wai yaron da ya gama makarantar midil jiya ba zai koya masa lissafi ba. Na ce ransa ya daɗe, ai lissafin da suka koya mini ne nake bi. Ya ce ko in sa hannu kafin ƙarshen wata, ko in ajiye keke in koma gidan ubana. Ban sa ba, kuma ba zan sa ba. Tsoro ina ji, don ƙannena huɗu ni suke kallo, amma na fi jin haushi.

Abin da ya hana ni sakat shi ne wani dattijo ɗan ƙauyen Ba'awa, cikin waɗanda gyaɗarsu ta ƙone. Ya tare ni a kasuwar Kwanar Dangora, ko zargina bai yi ba, ya ce, "Malam, bana ma in sa? Kai ka yi karatu, abin da ka ce shi zan yi."

Na ce ya ba ni zuwa kasuwa mai zuwa. In na faɗa masa gaskiya, kafin la'asar ta kai kunnen shugabana, aikin ya tafi. Jama'a, in jira ofis ya kore ni tukuna, ko in amsa wa tsohon nan tun bai shuka ba?