Katunan Yara Suna Cikin Jakata, Na Ce Baba Isuhu Na Ba

Assalamu alaikum. A ɓoye sunana. Mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna.

Na ɗora wa wani dattijo laifin da ni na yi, kuma ranar Asabar za a sallame shi a kan laifin.

Shekarata goma sha ɗaya a Guangzhou. Ban yi boko ba. Da dako na fara a Sanyuanli, yanzu ina haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya ina tura musu. Ina da mata da yara biyu. Likita ne ya ce jinina ya hau, na fara gudu, gudun ya shige ni. Duk tseren titi da aka sa sai na yi rajista, wani watan har sau uku. Matata ta ce takalma sun fi mutane yawa a gidan. Kuma ni ne kocin ƙwallon yaranmu, 'ya'yan 'yan Najeriya da Nijar, har da ɗana Sadiku. Mataimakina dattijo ne ɗan Maradi, zan kira shi Baba Isuhu. Shi ke ɗauko ruwa, shi ke ɗaure wa ƙanana igiyar takalmi, shi ke raka su jirgin ƙasa. Iyalinsa suna gida. Yaran nan su ne abokan hirarsa.

Dokar gasar da muke bugawa, kowane yaro sai an nuna katinsa mai hoto kafin ya shiga fili. Katunan a hannuna suke. Wasanmu na kusa da ƙarshe ya faɗo rana ɗaya da wani tsere. Tsere bakwai da rabi na safe, wasa sha ɗaya a Tianhe. Na ce zan kai. Matata ta riga ta gargaɗe ni kada in sake haɗa gudu da ranar wasan yara, don haka na ce mata zan leƙa Xintang duba wandunan wani kwastoma. Na zuba katunan da wayata a jaka na miƙa wa masu ajiya, don a irin wannan tsere mota ce ke kai jakarka wurin gamawa. Na yi gudu, na gama, har na fi lokacina na baya. Na je karɓar jaka, mai ajiyar ta duba lambata ta ce "meyo", wato babu. Motar ta maƙale a hanyar da aka rufe saboda mu. Ina tsaye da lambar yabo a wuya, ba waya, ba kati, har sha ɗaya ta wuce.

Da jakar ta iso, na canza kaya a banɗakin tasha. Kafin in isa fili an ba ɗaya ƙungiyar nasara. Yara suna zaune a ciyawa da rigunansu, ko gumi ba su yi ba. Alhaji Sani, wanda ya ɗinka mana rigunan, ya tare ni a gaban iyaye ya ce, "Koci, ina katuna?" Jakar tana rataye a bayana. Na ce, "Ai tun jiya na ba Baba Isuhu."

Baba ya dube ni. Ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu. Ya ce, "Ni? To wataƙila na bar su a ɗaki. Ku yi haƙuri, tsufa ne." Wani ya ce, "Baba, gobe kuma yaran za ka manta a jirgi." Aka yi dariya.

Washegari ya same ni a shago. Ya ce, "Koci, na birkice ɗakina, har ƙarƙashin katifa. Ka tabbata ka ba ni?" Na ce na tabbata. Ya ce, "Ko alamar abin ban tuna ba. Ashe kaina ya fara tafiya." Ya ce ya kira ɗansa a Maradi ya faɗa masa, ɗan yana ta kuka, wai ya tattaro ya dawo gida. Wane irin mutum ne zai ji wannan ya ci gaba da ɗaure kwali? Ni ne. Na sha wuya a garin nan, na kwana da yunwa, an zage ni da yaren da ba na ji, ban taɓa jin kunyar kaina ba sai ranar.

Sadiku ya daina gaishe shi. Ya ce mini, "Abba, Baba Isuhu ya cuce mu." Na daka masa tsawa ya yi shiru. Da wane baki zan gyara masa? In na faɗi gaskiya, matata za ta san ba Xintang na je ba, iyaye za su karɓe yaran daga hannuna, ɗana zai san ubansa ne ya hana shi wasa don ya yi nasa. In na yi shiru, dattijo zai koma gida yana zaton ya fara ruɗewa.

Iyaye sun gama shawara. Alhaji Sani ya ce tunda ni ne koci, ni zan faɗa wa Baba ranar Asabar cewa ya huta haka nan. Yau Alhamis. Ina shago, sau biyu Baba ya kira ni ban ɗauka ba.

Me zan yi?