Bangon Gidan Alman

Gamkalley, Yamai
3 ga Disamba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin sauƙi. Yaya jiki, yaya idon? Yaya sanyin Maradi? Gwaggo Hajjo, na san ke ce mai karanta masa, ina gaishe ki, kuma don Allah kada ki tsallake inda na tsokane shi. Tunda Baba ya rantse ba ya hira da mutum ta cikin ƙarfen nan, waya, ga takarda nan na ba direban kar, babbar motar Maradi.

Garka lafiya lau. Salati ya yi kyau, shu, kabejin nan naka, ya fara naɗe kai. Amininka Baba Garba yana zuwa kullum da safe ya duba ban ruwa, ya yi mini faɗa a madadinka, sannan ni in haye gada zuwa lakwal, makarantarmu ta Kirkissoye. Jan ruwan damina ya daɗe da janyewa, baƙin ruwa kuma, cikar gulbi ta lokacin sanyi, ya fara hawa a hankali.

Ga albishir. Wata malama mai binciken tarihi daga jami'a ta zo garka shekaranjiya. Suna tattara tsofaffin wuraren bakin gulbi su sa a littafi, kuma an ce mata kada ta wuce gidan Alman, gidan Jamusawan nan na garkarmu. Na zauna na zuba mata duk abin da na ji daga bakinka: yadda bayan babban fari Jamusawa uku suka sauka nan da iyalansu, suka gina ɗakin jan bulo, suka kafa pompo na ban ruwa, suka dasa mangwaron nan bakwai, suka jera matakalar dutse har cikin ruwa. Na gaya mata cewa biyu daga cikinsu sun koma gida, na ukun, Mushe Ditar, ya zauna shekara goma sha shida yana Zabarmanci kamar mai tauna tsakuwa, kuma ranar da zai tafi kai ya danƙa wa makulli. Ta yi ta rubutu har kayenta, littafin da ta zo da shi, ya kusa cika. Ta ce za ta dawo da abokan aikinta farkon wata mai zuwa.

To Baba, kai ma ka san ba a tarbar baƙo da gida a hargitse. Ɗakin nan ya tsufa, duk ya tsattsage, kaza ma ba za ta yarda ta kwana ciki ba. Na yi magana da Yakuba maso, mai gini. Ba zan faɗa maka komai ba yanzu, sai dai ka sani 'yarka ba za ta bari ka ji kunya ba.

Gwaggo ta ce an sa ranar aikin idon. Ta kuma ce wai ka ce idan an cire yanar, abin da za ka fara kallo shi ne bangon nan naka, ba fuskata ba. Na ji haushi, amma na yafe. Allah ya sa a yi a sa'a.

Ka huta lafiya.
'Yarka,
Iklima

Gamkalley, Yamai
14 ga Janairu

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da jiki, ina gaishe da Gwaggo da mutanen gida. Na ji an yi aiki lafiya, har kana gane mutum daga ƙofar zaure. Alhamdu lillahi. Na yi murna, sannan na shiga ɗaki na yi kuka, don na san abin da idon zai nema.

Kwana tara ke nan ina fara wannan takarda ina yagewa. Gwaggo, ki zaunar da shi kafin ki ci gaba.

Baba, layukan bangon gidan Alman babu su. Ni na sa aka shafe.

Ba zan ɗora wa Yakuba ba. Da ya gama bangon da ke kallon hanya, ya zagayo na wajen gulbi ya tsaya, ya tambaye ni ko har da wannan. Na dubi bangon, na ga ƙarce-ƙarce tun daga ƙasa har sama da kaina, lambobi a karkace, wasu 'yan rubuce-rubuce da ban taɓa iya karantawa ba. Na san kowane layi shi ne inda ruwa ya tsaya a shekararsa. Na san Mushe Ditar ya fara, kai ka ɗora. Tun ina ƙarama nake ganin masu garka suna zuwa su tsuguna su duba kafin su san inda za su kai shuka. Duk na sani. Amma a raina na ce malaman jami'a gini suka zo gani da pompo, me za su yi da tonon kaji? Na ce masa har da shi. Baba Garba yana Kollo wajen suna, babu wanda zai kwaɓe ni. Ko hoto ban ɗauka ba, alhali waya tana hannuna.

Kwana biyu aka yi, ɗaki ya fito fari fat kamar na amarya. Na share fili, na shimfiɗa tabarmi, na dafa shayi.

Da baƙin suka iso, malamar ko pompo ba ta kalla ba. Kai tsaye ta ja su zuwa bayan ɗaki, tana gaya musu za su ga shekara hamsin na gulbi a bango guda, abin da ta ce ba ta san kamarsa ba a duk unguwannin bakin ruwa. Ashe tun zuwanta na farko shi ta gani, shi ne ma ya kawo ta. Ta tsaya gaban farin bangon ta daɗe. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce sannu da aiki kawai, suka sha shayi don kada in ji kunya, suka tafi.

Wannan ba shi ne mafi ciwo ba.

Washegari Baba Garba ya dawo. Da ya ga bangon ya zauna a ƙasa, ya cire hularsa. Ya tambaye ni ko na san abin da ke rubuce kusa da layin shekarar da nake da shekara huɗu. Na ce ban sani ba, ni boko na yi, ajami ba ya shiga kaina. Ya ce sunan Inna ne. Ya ce ranar da aka dawo daga maƙabartar Yantala bayan an rufe ta, ka zo nan kai kaɗai ka rubuta, shi yana daga cikin mangwaro yana ganinka. Ya ce duk shekara in ka ja sabon layi, sai ka bi haruffan nan da ƙusa ka ƙara musu zurfi.

Baba, ban taɓa jin sunanta a bakinka ba, ko sau ɗaya. Na ɗauka kunya ce irin taku ta manya, wani lokaci ma, Allah ya yafe mini, na ɗauka mantuwa ce. Ba mu da hotonta. Kabarinta kai kanka ka ce ba ka iya nuna shi yanzu. Ashe wuri ɗaya ne a duniya da aka rubuta Salima, kuma shekara ashirin da shida ina wucewa ta gabansa da bokitin ban ruwa.

Na ruga wajen Yakuba na ce a ɓamɓare sabon simintin. Ya sunkuyar da kai ya ce ai kafin a yi sabon shafe sai an sassare tsohon, in ba haka ba ba ya kamawa. Babu komai a ƙarƙashi sai bulo. Ɓaraguzan kuwa an zuba su a ramin hanyar da amalanke ke bi. Kwana uku ni da Baba Garba muna tonawa da hannu. Mun sami guntu ɗaya, bai kai tafin hannu ba. Ya ce harafin farko ne. Shi ne a ƙulle cikin ƙyallen da ke tare da wannan takarda.

Ba ni da hujja. Ka yafe mini in za ka iya.

'Yarka,
Iklima

Gamkalley, Yamai
10 ga Fabrairu

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta Gwaggo. Ina fatan idon yana ƙara washewa, kuma kana sa maganin a kan lokaci ba sai an bi ka da shi ba.

Saƙonka ya iso ranar Laraba. Na buɗe ambulan ina neman takarda, sai ƙusa ta faɗo a cinyata. Na gane ta, doguwar nan ta Mushe Ditar mai lanƙwasasshen kai, wadda ko zuwa asibiti ba ka yarda ka bari a gida ba. Gwaggo ta kira ni da yamma ta faɗa mini sauran. Ta ce ba ka zage ni ba, ba ka ɗaga murya ba. Ka riƙe guntun simintin kusa da ido ka daɗe, ka sa a aljihun gaba. Sannan ka ce a gaya mini ka yafe, amma Maradi ta ishe ka, ba ka da abin kallo a Yamai.

Yafiyar na karɓa, na gode. Sauran maganar ce na kasa karɓa.

Baƙin ruwa ya kai iyakarsa ranar Juma'a. Ya cinye matakala tara, ya taɓa ɗakin, ya kwana biyu, ya fara komawa. Ya bar datti a jikin farin bangon, siriri kamar zare. Masu garka sun zo kamar yadda suka saba, suka tsaya cirko-cirko, babu layin bara balle su gwada. Suka gaishe ni kamar kullum, har da tambayar jikinka.

Jiya bayan la'asar na ɗauki ƙusar. Baba Garba ya nuna mini yadda kake yi, a dafa gwiwa ɗaya a ƙasa, a ja daga hagu ba tare da ɗaga hannu ba. Simintin Yakuba yana da tauri, sai da na bi sau huɗu. Layin ya karkace, da kana nan da ka ce ko akuya ta fi ni. Na rubuta shekara a gefe. Yanzu bango guda, layi guda.

Baba Garba ya ce in ina so zai rubuta sunan Inna da hannunsa, ya tuna daidai inda yake, kamu uku daga kusurwa. Na ce a'a. Ya ce to zai koya mini in rubuta da kaina, haruffa kaɗan ne. Na koya, Baba, na cika shafi biyu na kaye da shi, yanzu ko cikin barci zan iya. Amma da na kai ƙusar jikin bango hannuna ya ƙi. Ni na goge shi. Ba ni ce zan mayar ba.

Na zagaye wurin da gawayi don kada kowa ya taɓa. Gawayi ba ya jure ruwan sama, kuma damina saura wata huɗu. Ƙusar tana rataye a bayan ƙofa inda makulli yake. Ba na ce ka zo ka kalli fuskata ba, wannan na san ban cancanta ba tukuna. Ka zo ka rubuta ta, ko da a ranar za ka koma.

Ina gaishe da Gwaggo. Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mana kai.

'Yarka mai jiranka,
Iklima