Gicciyen Gefen Takarda

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Inna? Ka shaida mata ina nan ƙalau, ina cin abinci a kan lokaci.

Aikin maɗaba'a yana tafiya. Kamar yadda ƙasidar injin ta bayyana, kowane launi yana da farantinsa. Faranti ya sha ruwa da tawada, ya miƙa zanen ga roba, roba ta ɗora shi a takarda. Launi huɗu ne, kuma wajibi ne kowanne ya hau kan ɗan'uwansa daidai. Da wani ɗan gicciye a gefen takarda muke tabbatar da haka.

Kwanan nan gicciyen yana rabe mini biyu. Na wanke faranti, na ɗaure roba, na sake wankewa, bai canja ba. Jiya maigidanmu ya ce, "Malam, tsakaninka da injin nan wa ya riga tsufa?" Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma a nan wanda idonsa ya raunana ba a barinsa kan inji, shi ya sa ban tambayi kowa ba.

Ga samfuri na haɗo. Kai tela ne, idonka ya saba da kafar allura. Don Allah ka duba shi a hasken rana, ka amsa mini da gaggawa, kada Inna ta ji. In biyu ka gani, laifin inji ne. In ɗaya ne, to idanuna ne.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka ga biyu.

Yayanka.