Matar da ke Ɗaga Hannu a Hanyar Yashe

Zuwa ga yayana, Lawal direba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙani ga wansa, tare da roƙon Allah Ya sa kana cikin sauƙi da haske a inda kake kwance. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar da ka sani. 'Ya'yanka biyu suna zuwa makaranta. Ni ma na kammala jami'a, yau wata biyar da kwana tara da fitowar sakamakonmu.

Na san wasiƙar nan ba za ta iske ka ba. A shafina na intanet zan saka ta, inda jama'a za su karanta, har da wasu da ke tsaye a shagon Sabi'u a ranar da zan ba da labarinta. Da gangan na yi haka. A gaban mutane na yi maka laifin, ban ga dalilin da zai sa in nemi gafara a ɓoye ba.

Ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Wani ƙaramin kamfani a Kano ya ga wasan tseren mota da na haɗa a matsayin aikin kammala karatuna. Sun ce za su ɗauke ni aiki, su kuma fitar da wasan ga jama'a, amma da sharaɗi ɗaya: in cire wata mata da na tsayar a bakin hanya a cikinsa. Sun ba ni zuwa ranar Alhamis. Cikin wurare goma sha huɗu da na nemi aiki, su kaɗai suka kira ni, kuma ka san gidan da ka bari. Ba za ka gane yadda mace ta zane ta hana ni sukuni ba sai na mayar da kai shagon Sabi'u.

Ka tuna shagon, na bayan tashar Kankia. Sabi'u ya sayo tsohuwar na'urar gem 'yar gwanjo daga Kano, mai kujera da sitiyari da totur da birki. Ramin jefa kuɗinta ba ya aiki, sai ya zura hannu ta baya ya danna wani abu kafin ta tashi. A allonta akwai jar mota, da shuɗin sama irin wanda babu shi a duniya, da itatuwan kwakwa a bakin teku. Can sama agogo yana ƙirga daƙiƙu yana komawa baya. Idan ka kai wata ƙofa da aka gitta a kan hanya kafin ya kai sifili, sai a ƙara maka lokaci. Idan ba ka kai ba, motar ta mutu a inda take. Ina aji biyu na babbar sakandare a lokacin, kuma sunana ne na uku a jerin gwanaye. Na uku, ba na ɗaya ba kamar yadda nake faɗa a gida.

Wata Juma'a bayan la'asar ka zo ɗaukata, Inna tana nemana. Abokaina suka yi maka caa, wai tunda kai ne direban gaske, ka zauna ka nuna mana. Ka yi ta ƙi, suka yi ta matsawa, har Sabi'u ya ce shi ya ɗauki nauyin wasan. Sai ka zauna.

Ka fara da gyara kujera, wadda ba ta motsi. Ka ɗaga ido neman madubi. Sannan ka karanta addu'ar hawa abin hawa har ƙarshenta, alhali agogo ya riga ya fara ci. Daƙiƙa shida suka tafi kafin ka taɓa totur. Na ƙirga su.

Ka riƙe hannunka na dama ba ka tsallake layi ba ko sau ɗaya. Kafin kowace kwana sai ka rage gudu. Wata babbar mota ta tare ka a kan hawa, ka bi ta a baya har sai da kuka sauka gangare. Duk da haka ka kai ƙofar farko, saura daƙiƙa ɗaya, har aka yi maka tafi.

Kafin ƙofa ta biyu akwai 'yan kallo da aka zana a gefen hanya, suna ɗaga hannuwa sama. Mu da muka wuce su sau ɗari ba mu taɓa kallonsu ba. Kai kuwa sai ka ɗage ƙafa daga totur, ka karkata dama, ka taka birki a hankali, ka tsaya daidai gabansu. Agogo ya kai sifili kana tsaye.

Shagon ya fashe da dariya. Ka juyo da mamaki a fuskarka ka ce, "To ba ku ga sun ɗaga hannu ba?" Dariyar ta ƙaru. Wani ya tambaye ni ko wannan ne yayan nawa da nake cika baki da shi. Ni kuma na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, ai kai ba direba ba ne, mai kwasar ƙauyawa ne.

Ka ji ni, Yaya. Na san ka ji, domin hannunka ya tsaya a kan sitiyarin kafin ka sake shi. Ka miƙe, ka yi wa Sabi'u godiya, ka ce in zo mu tafi.

Muka shiga mota ka kai ni gida. Washegari ka ce in raka ka Kusada. A hanyar dawowa, mota cike, wata tsohuwa da rabin buhun gyaɗa ta ɗaga hannu. Ka tsaya, ka sa na tashi na raɓa gefen ƙofa, ta zauna a wurina. Da ta sauka ne ka ce, ba tare da ka dube ni ba, "Wanda ya ɗaga maka hannu bisa hanya, Almu, bai sani ba ko akwai wata mota bayanka." Iyakar abin da ka taɓa faɗa ke nan a kan maganar. Na ɗauka faɗa ne, na jira ya wuce.

Shekara goma sha takwas kana tuƙi, ba ka taɓa buge ko akuya ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da kai kwana goma sha ɗaya, ina can ina jarrabawar shekara ta biyu. Ka hana a gaya min har sai na gama. Na iso an riga an dawo daga maƙabarta.

A ranar addu'ar uku Sabi'u ya ja ni gefe. Ya ce bayan waccan Juma'ar ka riƙa zuwa shagonsa da hantsi, lokacin da muke makaranta kuma fasinja sun yi ƙaranci. Wata biyu kana zuwa. Ka koyi yanke kwana, ka koyi wuce manyan motoci a kan hawa, ka gajarta komai ban da addu'ar. Ka gaya masa kana so ka kai ƙarshen wasan ko sau ɗaya ne, don kada yaron nan ya riƙa jin kunya a gaban abokansa. Amma duk sanda ka iso wajen masu ɗaga hannu, sai gudunka ya ragu. Ya ce ya yi maka bayani har ya gaji, kai kuma ka ce masa, "Na sani zane ne, Sabi'u. Ƙafar ce ba ta sani ba." Ba ka taɓa kai ƙofa ta biyu ba.

Da aka ce kowane ɗalibi ya zaɓi aikin kammala karatu, ban yi dogon tunani ba. Na yi wasan a kan tsarin na da, mai 'yan launuka kaɗan da kiɗa mai ƙara kamar na na'urar Sabi'u, domin shi ne ƙananan wayoyin mutanenmu za su iya ɗauka, kuma shi na sani. Na cire teku na sa gero da dawa. Na cire jar mota na sa farar bas mai lotsattsen gefe kamar taka. Hanyoyi uku na yi: ta cikin Kankia, ta gonakin Kunduru, da ta Yashe. A ta Yashe, kafin ƙofa ta biyu, na tsayar da mace ɗaya da ƙunshin kaya a gabanta, hannunta a sama.

Idan mai wasa ya tsaya, ƙofar bas ɗin za ta buɗe, ta shiga, motar ta ci gaba. Tsayawar tana cin daƙiƙa goma sha ɗaya. Babu maki, babu ƙarin lokaci, babu rubutun yabo. Na gwada sau arba'in don in tabbatar: wanda ya ɗauke ta zai iya kai ƙarshe idan bai yi wani kuskure ba, da saura daƙiƙa biyu, amma sunansa ba zai taɓa shiga jerin gwanaye ba.

Mutanen kamfanin ba su yi min rashin mutunci ba, dole in faɗi wannan. Sun yaba hanyar Kunduru sosai. Sun ce masu gwada musu wasa sun ɗauka matar kuskure ce, wasu har sun ji haushi da suka tsaya ba su sami komai ba. Suka ba ni zaɓi biyu: in cire ta, ko in sa wanda ya ɗauke ta ya sami ƙarin daƙiƙa ashirin. A wajen sana'a suna da gaskiya, kuma na san haka.

Ranar Litinin na gwada duka biyun. Cire ta bai kai minti goma ba. Na bi hanyar Yashe babu ita sau uku, na sami lokaci mafi kyau da na taɓa samu, na rufe kwamfutar na kasa cin abinci. Na biyun ya fi ciwo. Da ƙarin daƙiƙu kowa zai tsaya, har ni na shagon Sabi'u, kuma babu ɗaya da zai tsaya saboda ta ɗaga hannu.

Ranar Talata na ɗauki waya na tafi tasha. Na iske abokinka Malam Iro a inuwar dalbejiya tare da direbobi huɗu. Na ba shi wasan na asali, wanda ban canja ba, ban gaya masa komai ba sai yadda ake birki da totur. Sau uku yana afkawa gonar mutane, suna yi masa tsiya wai a karɓe lasisinsa, shi kuma yana cewa sitiyarin ne babu mai. Da ya kama hanyar Yashe sai na zuba wa yatsunsa ido. Babban yatsansa ya tashi daga totur tun kafin ya san ya tashi. Ya tsaya, ta shiga. Ya daɗe yana kallon farar bas ɗin, sannan ya ce a hankali, "Wagga ai motar Lawal ce."

Sauran huɗun ma suka karɓa. Uku sun tsaya. Na huɗun bai gan ta ba sai da ya wuce, ya yi ta neman giyar baya, da na ce babu, ya ce in mayar da shi farko. Bayan nan babu wanda ya sake yin dariya. Malam Iro ya ɗaga hannu ya yi maka addu'a, muka shafa.

Ranar Laraba na gaya wa Inna komai, har da abin da na faɗa a shagon, wanda ba ta taɓa ji ba. Na gaya mata idan na ƙi sharaɗin, mai yiwuwa aikin ya tafi. Ban ga alamar ta gane maganar maki da daƙiƙu ba. Ta ce tun da ka rasu ba a taɓa kwana da yunwa a gidan nan ba, kada in sa ta a cikin lissafina. Sannan ta yi tambaya ɗaya: "To ita matar, ta isa gida?"

Yaya, shekara guda ina aikin nan, ban taɓa tunanin wannan ba. Na zana shigarta, ban zana saukarta ba. A wasana tana shiga mota ne ta ɓace.

Da yammacin ranar na zauna na gyara. Yanzu idan mai wasa ya kai ƙarshen hanya da ita, motar za ta tsaya, ƙofa ta buɗe, ta sauko da ƙunshinta ta nufi wani gida mai zaure. Shi ke nan. Har yanzu babu maki.

Ranar Alhamis, ƙarfe tara da minti arba'in na safe, na aika wa kamfanin amsa. Na karanta ta sau bakwai kafin in aika. Na gode musu, na ce zan gyara duk abin da suke so a wasan, launi da kiɗa da tsawon hanya, amma ba zan cire matar ba, ba kuma zan biya kowa ladan ɗaukarta ba. Na gaya musu dalili a layi huɗu. Yau Asabar, ba su amsa ba. Ba zan yi maka ƙarya in ce hankalina a kwance yake ba. Duk sanda waya ta yi ƙara sai in yi sauri in duba, kuma na lura Inna ma tana kasa kunne daga tsakar gida.

Amma ba don in ba ka labarin aiki na rubuto ba. Na rubuto ne in janye maganata a gaban waɗanda suka ji ta. Kai direba ne, Yaya. A duk waɗanda suka zauna a kujerar nan ta Sabi'u, kai kaɗai ne direba. Wata biyu ka yi kana ƙoƙarin koya wa ƙafarka wucewa saboda ni, na gode wa Allah da ba ta koya ba. Ka yafe min.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sanyaya makwancinka. Allah Ya raya abin da ka bari a kan halinka. A ranar da kowa zai tsaya yana jiran a dube shi, Allah Ya sa kana cikin waɗanda rahamarSa ba za ta wuce su ba. Amin.

Ƙaninka da ka tayar daga kujera saboda tsohuwa,
Almu
Kankia