Wanda Muka Bari a Tsohon Gida

Litinin, 1 ga Agusta
Kwana tara da tashinmu zuwa tudu. Tafkin da ke gindin ƙanƙarar da ta daskare a saman dutse ya cika ya batse, an ce ranar da ya ɓalle, unguwar bakin rafi zai fara ci. Kowa ya kwashe. Amma Kaka Durdana kullum da hantsi sai ta lallaɓa tsohon gida da gutsuren gurasa. Wai rabon khangi ne, aljanin da ke tsaron gida, mai zama a ginshiƙin ɗaki. Wai mun tashi ba mu gayyace shi ba. Ni malamin kimiyya guda, a ce kakata ce ke ciyar da ginshiƙi!

Laraba, 3 ga Agusta
Na yi mata faɗa. Ta ce, "Kai Zarmast, mijin banza, shekara sittin khangi yana tsare min awaki. Kai ko kaza ka taɓa tsarewa?" Na ce ɓera ne ke cin gurasar. Ta ce to ɓeran ya fi ni riƙon amana.

Asabar, 6 ga Agusta
Purdum mai gadin tafki ya sauko. Ruwan rafi ya yi baƙi, yana warin ɗanyar ƙasa. Ya ce in tafkin ya ɓalle, minti goma ruwan ya iso. Kaka kuwa da sandarta rabin awa take yi kafin ta hauro. Wallahi tsoro nake ji.

Lahadi, 7 ga Agusta
Na ɓoye mata takalma. Ta tafi ƙafa tsirara.

Talata, 9 ga Agusta
Na bi ta. Tun tashinmu ba wanda ya hura wuta a gidan, amma tokar murhu da ɗumi. Sau biyu na sa hannu. Kwanon jiya na gindin ginshiƙi, an lashe shi tas, an kife. Ɓera dai ba ya kife kwano.
Na ce, "To Kaka, ki kira shi mana mu huta." Ta ce ba zai bi ta ba, ita aure ya kawo ta. Sai jinin gidan ya kira shi. Ni kaɗai na rage.

Laraba, 10 ga Agusta
Na yi. Don ta daina zuwa ne kawai. Na barbaɗa gari a ginshiƙi kamar yadda ta koya min, na ce, "Taso mu tafi, gida ya tashi." Na goya kwando ba komai ciki, ta ce kada in kuskura in waiwaya. Muna tsallake gada igiya ta fara cin kafaɗata. Har yanzu shatar tana nan. Hawan tudu ne, ai kowane kaya nauyi yake a hawa.

Alhamis, 11 ga Agusta
Ba ta fita ba. Ta wuni tana kaɗin ulu.

Juma'a, 12 ga Agusta
Da hantsi, daidai lokacin da ta saba zuwa tsohon gida, tafkin ya ɓalle. Ƙara, sannan laka da duwatsu manya kamar ɗakuna. Ba gida, ba gada, ba itatuwan tuffa. Ba wanda ya rasu, alhamdu lillahi. Kaka ko ɗaga kai ba ta yi ba, cewa ta yi, "Ka zuba masa shayi kuwa? Baƙo ne fa a nan." Na zaga garken awaki na sha kukana.

Litinin, 15 ga Agusta
Kaka na fama da zazzaɓi, ba ta tashi ba. Gurasa ta ragu, na ajiye cikin kwano a gindin bango, gudun almubazzaranci dai. Na dawo daga makaranta na tarar da kwanon a kife. Ban tambayi kowa ba.
Gobe zan ɗan shafa man shanu a kai.