Yatsan da Alli Bai Taɓa Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo mai ƙuli-ƙuli ta Gangara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ɗiya ke yi wa uwa, tare da fatan rahamar Ubangiji na lulluɓe da ke a makwancinki, ɗiyarki Mariyama ce ke rubuto miki. Damina huɗu ke nan da tafiyarki. Na san takarda ba ta isa inda kike, kuma ko kina raye sai dai a karanta miki. To ki saurara, don ba wanda ya cancanci ya fara jin labarin nan in ba ke ba.

Inna, ba a fitar da ni daga kalas ba. Ina nan a lakol, makarantar tamu, riƙe da allina. Na fara miki da ƙarshen zance don kada hankalinki ya tashi, na san halinki.

Akwai abin da na ɓoye miki. Tun kina raye idanuna suka fara yi mini gardama. Bayan rasuwarki abin ya yi gaba, baƙaƙen littafi suka koma mini kamar tururuwa a gindin rumbu. Na je asibiti Maradi aka ba ni tabarau. Ya taimaka wajen ganin hanya da fuskokin mutane, amma likita ya faɗa mini gaskiya, ni da ƙananan rubutu sai dai haƙuri. Manyan da nake yi a tablo, babban allon kalas, ina ganinsu. Na littafi kuwa, ina!

Sai na shiga dabara. Tsohon littafin karatun yara na san shi kamar yunwar cikina, sai in buɗe ina kallon shafi kamar mai karantawa, alhali daga ka nake zubowa. Kwatsam aka kawo sabon littafi. Ba a yi sati biyu ba daraktanmu ya leƙo ta taga ya gane. Mutumin kirki ne, bai tozarta ni ba. Ya ce dole ya sanar da hukumar ilimi a Gazawa, sufeto zai zo ya ga koyarwata da idonsa, in abin bai yiwu ba a mai da ni buro, wato ofis, in riƙa buga hatimi.

Buro, Inna! Ni da kika tsaya a ƙofar lakol kina rangaɗa guɗa ranar da aka fara ce mini Madam, har malamai suka fito kallo. Wallahi na yi kuka ranar, kukan da ban yi irinsa ba tun na rabuwa da ke.

Kin san ta inda Allah ya kawo mafita? Ta hannun autanki Sani, shi ɗin dai da kike cewa ko kasuwa aka aike shi sayen gishiri da ɗan akuya zai dawo. Har yanzu yana fataucinsa tsakanin Gazawa da ƙetaren iyaka. Wai ya sayo tabilet don kallon kokawa. Ya iso gida ya kunna, ba hoto mai motsi, ba waƙa, ba kira, fari da baƙi kawai. Ashe na'urar karanta littattafai ce aka liƙa masa. Ya zo yana huci ya ajiye mini a kan tabarma, wai irinmu ce mu malamai, ba ta dariya ba ta waƙa. Rabon kwaɗo dai ba ya hawa sama.

Bari in kwatanta miki ita. Ba ta fi marfin ƙaramin kwano ba, fuskarta gilashi. Ka taɓa dama shafi ya yi gaba, ka taɓa hagu ya dawo. A wani shago a Gazawa aka zuba mini sabon littafin yara a ciki, da wasu da dama. Mai shagon ya ɗora yatsu biyu a kan gilashin ya buɗa su, sai na ga tururuwan nan sun kumbura sun zama baƙaƙe manya-manya kamar na tablo. Na karanta layi ɗaya, na biyu, na uku. Na manta a shagon mutane nake, na ɗaga murya ina ta karatu kamar ƴar farin shiga.

Ba zan rage ta da komai ba, tana da alheri. Jakar littattafan da ke karya mini kafaɗa a kan kabu-kabu na huta da ita. Lakol ɗinmu ba kuran, wato wutar lantarki, amma in na yi mata caji ranar kasuwa wurin mai sola, sai ta kai ni kasuwa biyu ko uku ba ta ce uffan ba. A tsakiyar rana ƙarƙashin itacen bedi ana karanta ta tsaf. Gara kuma, wadda ta cinye mini rabin akwatin littattafai a ɗakinki, wannan karon ta sha ƙasa.

Amma fa tana da halinta. Ba ta da ƙamshin takarda. Ba ka sanin ko ka yi nisa da kaurin abin da ya rage a hannunka. In wani ya ce ara mini littafi ɗaya, to dukkan rumbun zai ɗauka, don haka na zama marowaciya ƙarfi da yaji. In na ƙara girman rubutu lambar shafina ba ta haɗuwa da ta yara, sai da na zauna na daidaita su ɗaya bayan ɗaya. Ga tsoron faɗuwa, kullum a naɗe take cikin tsohon kallabinki. Babban aibinta kuwa ban san shi ba sai ranar da bai kamata ba, don a gida nake ta gwaji da hannu wankakke.

Ranar Talata da hantsi sufeto ya iso. Ya zauna a bencin baya da takardarsa, darakta a gefensa. Na cika tablo da rubutu, hannuna ya yi fari fat da alli. Na ɗauko na'urar, na karanta shafin farko lafiya lau. Na taɓa don in juya. Shiru. Na sake taɓawa. Ko gezau. Ashe busasshen yatsa mai alli ba ta san shi ba.

Sai na yi abin da kowane mai littafi ke yi in shafi ya ƙi buɗuwa, na lashi yatsa na shafa. Wayyo Inna! Alli da miyau suka yi kunu a kan gilashin. Shafuka suka ruga da gudu, rubutun ya tsuke ya koma tururuwa. Yara suka zuba mini ido. Ina jin ƙarar biron sufeto a kan takarda. Gumi ya keto mini, na ce shi ke nan, Mariyama, ga buro can yana jiranki.

A nan ne na gan ki a zuciyata. Kina zaune gaban turmi kina matsar tunkuza, mai har gwiwar hannu, amma ƙaramin yatsanki a ɗage, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Da shi kike gyara kallabi, da shi kike share mini hawaye in na faɗo miki da kuka. Kina cewa, "Komai nutsewar hannu a aiki, a bar yatsa ɗaya saboda larura."

Na dubi hannuna. Yatsu huɗu fari fat, ƙaramin kuwa a ɗage, tas da shi. Shekara da shekaru ashe haka nake riƙe alli, ban taɓa lura ba. Ban san ranar da na ɗauko shi daga wurinki ba.

Na goge gilashin da bakin mayafina, na ajiye na'urar a kan tebur. Na haɗa ƙaramin yatsan dama da na hagu, na buɗa su. Baƙaƙen suka tashi tsaye. Kafin in ci gaba na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na juya na gaya wa yara da sufeto da bakina cewa idanun Madam sun raunana, da wannan abin take gani, kuma da shi za ta koyar da su. Daga nan na saki murya. Na yi karatun nan har ƙarshe ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, in rubuta da yatsu huɗu, in juya shafi da na biyar. Na yi tambaya, hannuwa suka tashi ko'ina.

Da aka tashi, sufeto ya kira ni. Ya ce ba malamin da za a cire daga wannan kalas. Sannan ya rage murya ya tambaye ni inda ake samun irinta, don shi ma sai ya miƙa takarda nesa yake ganin rubutu. Na miƙa masa ya gwada, ya dangwala yatsa mai gumi, shafuka suka tsere masa. Allah ya yafe mini, dariyar da na riƙe tun safe a nan ta kuɓuce. Ni na koya masa aiki da ƙaramin yatsa.

Sani yanzu sai yawo yake yana cewa da gangan ya sayo mini. Na bar shi ya sha yabonsa.

Innata, ba ki taɓa riƙe alli ba, ba ki san baƙi ko ɗaya ba. Kina tuna lokacin da nake zama kusa da kaskon suyarki ina karanta miki Faransanci, ba kya jin komai amma kina cewa, "Ƙara, muryarki ta karatu daɗi gare ta"? Ranar Talatar nan ke nake karanta wa. Ina kewarki ƙwarai, kewar da ba ta raguwa.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki fiye da yadda aka haskaka mini baƙaƙen nan. Ya sanyaya hannuwan da suka sha zafin mai dominmu, ya haɗa mu a Aljanna Firdausi inda ido ba ya gajiya. Amin.

Taki har abada, mai ɗage ƙaramin yatsa irin naki,

Mariyama